Ban Saki Igiyar Ba

Ranar kasuwar Goronyo ina zaune a kara, inda ake sayar da shanu, a gaban surukina, ina ɗaga murya cewa ba a haifi bijimin da zai gagare ni ba. Allah Ya sani, akuya kaɗai na taɓa riƙewa. Sai wani Bafulatani ya miƙo mini igiyar bijiminsa: "Baba, riƙa mini wanga in yi salla."

Bijimin ya ja ni rubda ciki har tsakiyar tulin albasar mutane.

Ɗiyata, malamar makaranta, ta ce Turawa suna kiran irin maganata bulasta, wato ƙara ba komi ciki. Yanzu ko daga masallaci na fito sai in ji, "Malam Bulasta, mi ya hwaru da bijimi?" Su yi ta faɗi. Ni dai ban saki igiyar ba.