Magaryar ƙasar Sin

"...Lafiya lau na dawo, sai kewar tsohon mijina," in ji Na'ima, tana durƙushe a ƙofar falo.

"Wane mijin? Ai na sake ki tun ranar da jirginku ya tashi. Tsaya can, kada ki shafa mini ƙarnin kwaɗi."

Kakanta ke nan, Alhaji Sulaimanu na unguwar Parkchester a Amurka. Baki yana nan da kaifinsa, amma jiki, wayyo! Mako ukun da ta yi a ƙasar Sin, tsohon ya ɗaura gaba da abinci, har likita ya ce in bai fara ci ba zuwa Litinin, sai gadon asibiti. Ta ga yadda wuyansa ya zube. Sai dai ta san lallashi ba ya kama shi, sai tsiya.

"Kwaɗi? Tsoho, rago na ci! A Xi'an layi guda tsire ne zalla, masu gashin da fararen huluna suna yi mini sallama."

"Ƙarya! 'Yan Sin da sallama?"

"Wallahi. Masallacinsu an ce ya haura shekara dubu. Ya ɗan girme ka kaɗan."

"Ja'ira!"

"Taliya kuwa da hannu suke ja. Mutum ya miƙe ƙullu, ya ninka, ya sake miƙewa, kafin ka ƙifta ido ya zama zare. Ni dai baki na saki."

"Ai dama a sake yake."

"A Chongqing na ga jirgin ƙasa ya kutsa cikin bene, can sama, ya ɓulla ta ɗaya gefen. Mutanen gidan suna ta shanyarsu!"

Tsoho ya gyara zama. "Benen bai rushe ba?"

"Ko gezau. Wanda ya kai mu Shanghai kuwa, in jirgin nan mai lamba shida da kake hawa a unguwar nan ya gan shi, kunya za ta kashe shi."

"Ikon Allah..." Sai ya farga, ya haɗe rai. "To, me kika kawo wa mijin?"

"Ka ce ka sake ni."

"Na mayar da ke."

Ta zaro leda, ta ɗora masa wani jan abu mai yamutsattsiyar fata a tafin hannu, girman babban yatsansa.

"Wannan dabino ne ya yi jinya?"

"Ciza ka ji, in da sauran haƙora."

Ya ciza don ya ƙaryata ta. Ya tauna, ya sake taunawa.

"Na'ima... magarya ce."

"Ita ce, Kaka."

"Irin ta bayan gidanmu a Tasawa! Shekara talatin rabona da ita. Amma tamu 'yar mitsitsiya ce, duk ƙwallo. Ya Rabbi, wannan ruwan ina ta sha?" Idonsa ya kawo ruwa, ita ma nata haka.

Ya miƙo hannu zai ƙara, ta yi wuf ta janye ledar.

"Lomar tuwo biyar, magarya ɗaya."

"Azzaluma! Da wannan halin aka bar ki kika shigo Amurka?"

"Biyar, ko in raba wa maƙwabta."

Ya harare ta, ya harari ledar, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya juya wajen kicin, ya ƙwala wa uwarta kira.

"Rafia! Ɗumamo tuwon nan, ki cika kwano! 'Yarki ta ci ni da yaƙi."