Sarkin Aljanun Tafkin Kalmalo

Tun kafin azumi nake cika wa matasan Illela kunne a WhatsApp cewa littafina ba irin wanda suka saba ba ne. Sauran marubuta a finafinai suke kwaso aljanunsu, ni kuwa nawa sabo ne fil, daga kaina ya fito: sarkin aljanun tafkin Kalmalo, gajere mai tumbi, yana ɗingishi, yana warin albasa, ba ya magana sai ya yi doguwar gyaran murya.

Babi na farko ya bazu har Konni. Ina ta amsa barka kamar ango, sai ƙanwata ta kira ni tana dariya: "Yaya, mi Kawu ya yi maka?"

Wallahi sai a lokacin na gan shi a jikin aljanin nawa. Yayan mahaifiyarmu ne, dillalin albasa, tsaf, har ɗingishin.

Yanzu matasa rumfarsa suke zuwa ɗaukar hoto, babu mai tambayar babi na biyu. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe. Amma duk taron sunan da na shiga, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Marubuci ya iso. In zauna, ko in koma ruwa?"