Ranar da Kawu ya zo bai wa mijina haƙuri

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na zube kayan ɗakina a tsakar gida ba. Ni malamar firamare ce a Kabo, kuma ina da wata cuta: ba na iya zubar da abu. Robar biki, gwangwanin madara, fulas ɗin da cikinsa ya fashe, duk sai in ce wata rana za su yi amfani. (Shekara goma sha ɗaya ina jiran ranar nan.) Ɗakin ya cushe har a kaikaice nake shiga, kullum in tashi a gajiye kamar wadda ta wuni daka.

To, sai aka ce ran Litinin za a tantance malamai, duk wanda bai kawo takardar ɗaukarsa aiki ba a bakin aikinsa. Na duba jaka, babu. Ƙarƙashin katifa, babu. Tun da hantsi na hau jido kaya waje, ina yi ina hawaye.

Maigidana ya ce, "Na sha gaya miki ranar nan za ta zo."

Na ɗaga murya na ce, "Na ji! Bar ni in kwashe kayana!"

Ashe maƙwabciyata Hajiya Talatu na jin mu ta katanga. Ta leƙo ta ga katifa da kwanuka a waje, ga ni ina kuka. Kun dai san abin da ake nufi in an ga kayan mace a tsakar gida. Baiwar Allah ba ta tambaye ni ba, sai ta buga wa Innata waya a Gude.

Bayan azahar sai ga Inna da Kawu sun diro daga babur, matan unguwa na biye da su, an zo jaje. Kawu ya riƙe hannun maigidana ya ce, "Malam, ko me ta yi maka, ka dubi yaran nan ka mayar da ita."

"In mayar da ita ina, Kawu? Takarda fa take nema."

Wayyo ni! Inna ta zagaya tulin kayan a hankali, ta ɗago wani takalmi ƙafa ɗaya.

"Ina ɗan'uwansa?"

"Ya ɓata tun ina goyon fari."

Ta ce, "Wallahi da sakin ne ma, ba zan ga laifinsa ba." Matan nan suka kwashe da dariya, har da Hajiya Talatu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta kifa turmi ta zauna, ta sa aka raba kayan uku: na bola, na kyauta, na komawa ɗaki. Duk abin da na ce a bar min, sai ta harare ni in yi shiru. Kafin la'asar, a cikin wata tsohuwar kwalla, ƙarƙashin murafan tukwanen da tukwanensu suka daɗe da mutuwa, sai ga takardata a ƙulle cikin leda. Ni na ɓoye ta can don gudun ɓera. Na rungume ta na zauna daɓas, Alhamdulillahi kawai nake maimaitawa.

An tantance ni lafiya lau. Yanzu har tabarma nake shimfiɗawa a ɗakin in miƙe ƙafa, gajiyar nan ma ta tafi. Abin da na koya dai: tarkacen da kika ƙi zubarwa a ɓoye, wata rana a gaban dangi za a zubar miki da shi.