Harsashin da Ya Ƙi Shiga

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya a bakin garinmu, gaban maza da jakunansu, ina kokawa da bindigar babana ba. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa, in rasa wanda zan huce a kansa, don duk inda na juya maganar, kaina take dawowa.

Bari in faro muku daga tushe. Garinmu ɗan ƙauye ne arewa da Ungogo, gona manne da gona, ko dutse ka jefa sai ya faɗa a shukar wani. Da aurena na fari ya mutu (wannan labari ne daban, kuma laifinsa ne), sai na dawo gida wurin Inna da yayana Habu. Ni kuwa ba a yi ni don zaman kallon bango ba. Na kama sana'ar awo: in sayi wake da gero a hannun maƙwabta, in bi ayarin masu jakuna zuwa kasuwar birni, in sayar, in dawo kafin rana ta faɗi. Awo kam na iya shi. Ba a haifi wanda zai shafe mini mudu ina kallo ba. Ga shi na sauke Alƙur'ani tun ina ƙarama har na taɓa littattafai, saboda haka a ganina duk garin babu mai gaya mini abin da ban sani ba.

Ana gab da kaka, dawa ta yi tsayi ta rufe hanya hagu da dama, sai wata rana mu mata huɗu muka yi baya, maza suka yi mana nisa. Wasu ƙatti uku suka fito daga cikin dawa da takubba. Suka sauke mana kaya tas. Ɗayansu, wani mai wushirya, ya ɗauki wakena ya saɓa a kafaɗa, ya juyo ya ce mini, "Allah ya ƙara kasuwa, uwar ɗaki." Wallahi rashin waken bai ƙona mini rai kamar wannan addu'ar ba.

Da muka koma gida, maimakon Yaya Habu ya jajanta mini, sai ya yanke hukunci.

"Daga yau kin daina bin hanyar birni. Ki ba Tanko kayanki ya riƙa sayar miki."

Tanko ƙanin matarsa ne. Mutumin kirki, ban hana shi ba, amma in ka gaishe shi da kyau sai ya cika maka mudu har yana zuba, ya ƙara maka da gyara.

"Yaya, Tanko fa? Gara in zuba wa kaji, su ko ƙwai sa yi mini."

"Yau wake suka ɗauka. Gobe ke za su ɗauka, in je in neme ki a kasuwar wace ƙasa? Ba ki da abin kare kanki, zancen ya ƙare."

Wannan kalma ta ƙarshe na riƙe. Ba ni da abin kare kaina? To, zan samo.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, bafatake ne, yana zuwa Borno saro kanwa, don can ne asalin kakanninmu. A wata tafiya ya samo wata gajeriyar bindiga a hannun wani Balarabe, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, irin wadda ake soke wa a ɗamara. Yaya yana zaton an sayar da ita tun Baba na da rai. Ni kuwa na san tana ƙasan rumbun Inna, a naɗe cikin fata, tare da ɗan goran albarushi. Abin da babu shi ne harsashi, ko ɗaya.

Matsalar ita ce fitar da ita in kai maƙera a auna mata harsashi. Yaya ɗinki yake yi a zaure, tun hantsi har la'asar yana nan, ko kaza ta wuce da tsinke sai ya tambayi inda za ta. Sai wata dabara ta faɗo mini (kuma har yanzu ina nan a kan bakana, dabara ce mai kyau). Na ɗauki dawon fura mai laushi, na shiga rumbu, na danna bakin bindigar a jikinsa. Shaida ta fito raɗau: da'ira biyu, babba a waje, ƙarama a ciki. Na ɗora a faifai na rufe, na wuce ta gaban Yaya kamar mai kai wa maƙwabta fura.

Baba Ɗanjuma shi ne maƙerin garinmu, tsoho mai magana a hankali kamar ana jawo ta daga rijiya. Na tarar da shi yana gyaran fartanya, da wasu dattawa biyu suna hira a gefe. Na durƙusa na gaishe shi a gurguje, na buɗe faifai.

"Baba, harsashi nake so ka yi mini, guda biyar, daidai wannan."

Ya ajiye awartaki, ya daɗe yana duban dawon. "Ikon Allah. Shekarata nawa a maƙera, ba a taɓa kawo mini awo a jikin fura ba. Ina bindigar, 'yar nan?"

"Tana inda take."

"To, madalla. Kin ga wannan ƙaramar da'irar ta ciki? Ita ce ramin. Harsashinki ma sai ya ɗan gaza ta kaɗan, kamar ƙwarar gurjiya, don a naɗe shi da ƙyalle ya zauna daram."

Na dubi ƙaramar da'irar, na tuna faɗin ƙirjin mai wushirya. Ƙwarar gurjiya! Wannan ƙaton ko tuwon gurjiya ka jefa masa ba zai ji ba. Nan take zuciyar 'yar kasuwa ta motsa. Na ce a raina, ato, tsohon nan so yake ya rage darma, ya karɓi geron babba ya ba ni ƙarami. Ni za a shafe wa mudu?

"Baba, babban nake so. Na wajen."

"Na wajen kaurin ƙarfen ne, 'yata. Ba zai shiga ba."

"Zai shiga. Taiki ma in ka ga ya cika, ka girgiza ka danna, sai ya ƙara ɗaukar mudu biyu."

Dattawan nan suka dubi juna. Ɗaya ya sa hannun riga ya rufe baki.

"Taiki fata ne," in ji Baba Ɗanjuma. "Wannan ƙarfe ne. Ƙarfe ba ya jin lallashi sai a wuta. Je ki kawo bindigar in gwada miki."

"Ni fa ba gardama na zo yi ba, Baba. Ɓarawo babba, harsashi babba. In ba za ka yi ba, akwai maƙera a Ungogo."

(Kun ji fa. Tsohon da ya ƙera wa uwata wuƙar girkinta ta aure, shi nake yi wa barazana da maƙeran Ungogo.)

Bai yi fushi ba. Da ma ya yi. Sai ya juya ga dattawan ya ce, "Malam Isa, Malam Garba, kun dai ji ko? Sau uku na faɗa." Sa'an nan ya ce in dawo gobe.

Washegari na karɓi abina, guda biyar, kowanne kamar goriba ƙarama, masu nauyi, masu sheƙi. Na ƙulle su a bakin zane ina jin daɗin yadda suke bugun cinyata. Kwana biyu suna jikina. Kwana biyu cur, rumbu yana nan a tsakar gida, taku goma daga ɗakina, amma ban shiga na gwada ko ɗaya ba. Me zan gwada? Ai na riga na sani. Lokacin da ya kamata in yi gwajin, na ɓata shi wajen bin gidajen matan da aka yi mana fashi tare, ina ce musu su shirya kayansu, ranar kasuwa ni zan tsare su.

Ranar ta zo. Ayari ya taru a bakin gari ƙarƙashin tsamiya, jakuna sun kai ashirin, maza na ɗaure kaya, har da Baba Ɗanjuma zai shiga birni sayen ƙarfe. Yaya ya bar zaure ya rako Tanko, na samu na ɗauko abin da ke rumbu. Sai ga ni da wakena a kai, mata uku a bayana. Yaya Habu ya hango ni, fuskarsa ta canza.

"Ke, ina za ki?"

"Inda kowa zai je, Yaya. Ka ce ba ni da abin kare kaina." Na sauke kaya, na zaro bindigar daga cikin zane, na ɗaga ta sama. "To, ga shi."

Kowa ya zuba mini ido. Gaskiya wannan ɗan lokacin ya yi mini daɗi, kuma shi kaɗai na samu. Na sa aka rataye wani fasasshen gora a reshen tsamiya, na ce kowa ya matsa. Na zuba albarushi yadda na sha ganin babana yana yi. Na kwance bakin zane, na zaɓi harsashin da ya fi kyau, na ɗora a bakin bindiga.

Ya zauna a kai kamar ƙwai a bakin buta.

Na danna da babban yatsa. Ko motsi. Na juya shi ta ɗaya gefen, wai ko yana da gaba da baya. Na tofa masa yawu. Na dafa bindigar a cinya na danna da tafin hannu har sai da ya yi mini shaida. Gumi ya fara keto mini. A bayana na ji ɗaya daga cikin matan tana cewa a hankali, "Ko dai bai nuna ba ne?"

A nan ne hankalina ya tafi kiwo. Na sunkuya na ɗauki dutse. Bindiga cike da albarushi, bakinta yana kallon haɓata, na ɗaga dutse zan buga.

"Ke! Kar ki soma!"

Ban taɓa sanin Baba Ɗanjuma yana da murya haka ba, ban kuma san yana gudu ba. Kafin in sauke hannu ya fizge bindigar. Maza suka watse, Tanko ya faɗa bayan jaki ya rungume wuyansa. Tsohon ya kifa bakin bindigar ya zazzage albarushin a ƙasa. Harsashin ya gangara ya tsaya daidai ƙafar Yaya.

"Da ya shiga da ƙarfin dutse," in ji shi, "ba gora za ki fasa ba. Bindigar ce za ta tsage, ta tafi da hannunki da rabin fuskarki." Ya numfasa, ya koma muryarsa ta kullum. "Laifina ne da na biye miki. Na zaci za ki gwada a ɗaki, ki ji kunya ke kaɗai, ki dawo. Ban san sai kin tara gari ba."

Wani ya tambaya yadda aka yi, Malam Isa kuwa, ashe yana wurin, ya gyara tsayuwa ya ba da labari tun daga dawo har taiki, bai rage ko kalma ba. Dariya ta ɓarke. Har jakunan sai na ga kamar da su ake yi. Matan da na yi wa alkawarin tsaro suka sulale cikin ayari kamar ba su taɓa ganina ba.

Yaya bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, wannan ya fi ciwo. Ya karɓi bindigar, ya dube ta, ya dube ni.

"Koma gida."

Ina juyawa sai ga Tanko ya fito daga bayan jaki yana kakkaɓe riga. "Yaya, in ɗauki waken?" Ni yake kira Yaya, don ladabi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kakar nan gaba ɗaya, lokacin da kasuwa ta fi daɗi, a tsakar gida na yi ta ina tsince wake, Tanko yana can yana rabar da shi sadaka da sunan ciniki. Yaya ya kai bindigar maƙera da kansa, aka gwada ramin, aka yi mata 'yan ƙananan harsasai kamar gurjiya, irin waɗanda na raina. Ranar da aka gwada, gora ya tarwatse, ƙarar har ɗakina. Yanzu a ɗamararsa take kwana. Ni kuwa sai da aka girbe dawa, hanya ta buɗe ana hango mutum daga nesa, sa'an nan ya yarda na koma bin ayari, a tsakiya, tsakanin jakuna, inda ƙura ta fi yawa.

Har yanzu ina ganin hukuncin Yaya na farko zalunci ne, kuma a gabansa ma na faɗa. Amma na koyi abu ɗaya, da tsada na saye shi: harsashin da ke kare mutum shi ne wanda ya yarda ya shiga bindigarsa. Kuma duk ranar da tsohon mai sana'a ya daina gardama da ke, ya juya yana neman shaidu, to 'yar'uwa, kar ki ce kin yi nasara. Tattara zanenki ki koma ki sake tunani.