Ranar da Na Turara Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa kwamfuta turaren wuta ba. Ko na so in manta, mutanen unguwarmu, Harra ta Gabas a Madina, ba za su bari ba.

Farkon shekarun tamanin ne, ina buga tafireta a wani kamfanin motocin alhazai kusa da Bi'ir Ali, a gefen Madina. Aka kawo wata ƙatuwar na'ura, aka ware mata ɗaki mai sanyin da ko mudir, shugaban kamfanin, bai samu ba. Mai kula da ita Ustaz Bashir ne, jikan Kanawa haifaffen Madina, wanda ya shafe watanni yana huda katuna don ya koya mata tsara tafiyar motoci. Ni kuwa son sani ya hana ni sakat. A ina take ajiye abin da aka gaya mata? Tana gajiya? Na ishe shi da tambaya har ya fara koya mini hudar kati (don in yi shiru, ina zato).

Mudir dai bai yarda da ita ba. Ya ce zai kawo baƙi a gwada ta, in ba ta taɓuka komai ba a mayar, Ustaz kuma ya nemi wani aikin.

To, a Madina ba a tarbar manya ba ƙanshi. Ga shi kowa sai ya cire takalmi kafin ya shiga ɗakin, na ce ai wuri mai daraja haka ya cancanci turare. Ranar gwajin na aro kaskon matata, na zuba turaren udu mai kyau, na shige gaban baƙi ina ƙasaita. Na zagaya na'urar, har ina kaɗa mata hayaƙin cikin ramukanta (kamar yadda ake yi wa babbar riga).

"La, la, ya ahi! Fita da shi, bi sur'a, maza-maza!" Ustaz ya daka mini tsawa.

Ina! Ƙararrawar gobara ta kaure, wuta ta ɗauke, na'ura ta yi tsit tana tsakiyar aiki. Sai ga mu a titi cikin rana, baƙi da safa, ni da kasko a hannu yana ta hayaƙi. Na dubi Ustaz ya yi zuru-zuru, na ce shi ke nan, na raba bawan Allah da aikinsa. Wallahi kuka kawai ya rage mini.

Can mudir ya ce, "Masha Allah! Wato har ƙanshi take ji?"

Ustaz ya buɗe baki zai ce ƙararrawar daban take, ya harare ni, ya mayar da bakinsa ya rufe.

"Yalla, a tashe ta mu ga sauran," in ji mudir.

Aka sake loda katuna, ta buga tsarinta tsaf, aka bar ta.

Tun daga ranar na koyi tambayar baƙo abin da yake so kafin in karrama shi. Amma har yau in na shiga biki a Harra, sai wani ya miƙo mini kasko ya ce, "Baba, ga wayata, a ɗan turara."