Yadda Na Kare Mutuncin Sakkwatawa a Kano

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Kano ba, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina malamin gona a Tambuwal aka turo ni kwas. Sai ga Alu, yayan matata, ya kawo shanu daga Kebbe, ya sayar, ya ce in nuna masa birni kafin ya koma.

Na ci ado, na shige gaba kamar a nan aka yanke mini cibiya. Muka hau Dala, muka ratsa Kurmi, muka tsaya kallon marina a Ƙofar Mata, muka je tasha Alu ya ga jirgin ƙasa ya ƙoshi. Duk inda muka tsaya Kananci nake zubawa (na kwana biyu ina koyonsa a gaban madubi, Allah ya yafe mini). Alu dai kallona kawai yake yi.

Bayan la'asar muka shiga wani babban ɗaki inda 'yan kwaleji ke wasan kwaikwayo. Da farko abin gwanin daɗi. Can sai wani yaro ya fito da tsohuwar malafa, wai shi Basakkwace ne ya zo birni. Ya ga famfo ya durƙusa ya gaishe shi. Yana ta "awo, awo", mutane suna faɗuwa don dariya.

Raina ya ɓaci. Yaron da ko Gusau bai taɓa takawa ba, shi zai mai da mu abin wasa? Mu da aka kawo musu karatu daga wurinmu? Alu ya riƙe mini riga, ya ce, "Zamna, Malam, wasa na."

Ina fa. Na miƙe tsaye, Kanancin nan duk ya gudu ya bar ni. Na ce, "Kai yaro, wagga magana ƙarya ta. Ba haka muka magana ba. Wa yag gaya maka muna gaisuwa da famfo?"

Kowa ya juyo yana kallona. Sai shegen yaron ya buɗe hannu, ya ce, "Awo, ga yayana ya iso daga gida."

Aka kaure da tafi. Ashe sun ɗauka ina cikin 'yan wasa. Ina ƙara faɗa, suna ƙara dariya. Wani dattijo kusa da ni har da share hawaye, yana cewa, "Wannan ya fi na farkon iyawa." Da aka tashi, malaminsu ya zo ya ba ni hannu, wai ko zan dawo mako mai zuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Alu. Ya riga ni isa gida da labari. Ranar da na je Kebbe gaida surukai, surukata ta amsa gaisuwa daga bayan zana, sannan ta ce, "An ce Kano ta yaba da kai." Na ji mata suna ƙunshe dariya a ɗaki.

Har gobe ina nan a kan bakana, yaron nan bai kyauta ba. Amma na koyi abu guda: in ana kwaikwayonka, ka yi shiru, kada ka tashi ka nuna musu yadda ake yi.