Kadan da Kakana Ya Hau

Ba zan taɓa mantawa da Duktur Yusuf ba, ni da nake cika baki cewa a duk Madina babu mai gane ɗan leƙen asiri kamata. Ina sayar da huluna a unguwar Ranuna, lokacin da kayan Sin suka fara cika kasuwa, sai ga wannan bawan Allah, ɗan ƙasar Sin, da Larabcinsa tas. Wai malamin tarihi ne, yana kwatanta labaran mahajjatan ƙasarsu na da da namu na Takari, don duniya ta ji daga bakinsu su ma.

Na ce a raina, tarihi a shagon hula? Zanen hulunana ya zo sata, su buga a inji su kashe min kasuwa. (Ya ɗan shafa wata hular zanna sau ɗaya, shi ke nan hujjata.)

Sai na ƙudura in ɓatar da shi. Ya tambayi yadda kakana ya zo daga Kano, na ce a bayan kada ya ƙetare tafkin Cadi, ya sayar da kadan a Sudan ya sayi raƙumi. Ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya ƙara min shayi. Na ƙara da zaki biyu a labarin.

Bayan wata guda Baffa Sani, babban gidanmu, ya gayyace shi majalisi ya yi wa dattawa bayani. Ya kawo labarin malamansu da suka yi shekaru a hanyar Makka, kowa ya kasa kunne. Can sai na ji sunan kakana, kada na biye da shi, zakuna na biye da kada.

Baffa ya juyo a hankali. "Ya waladi, ɗana, ubana ne ya hau kada?"

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Mutumin da ya tako da ƙafa, ya binne 'ya'ya biyu a hanya, na mayar da shi abin dariya saboda hula.

Na miƙe ina in-ina. "Duktur, wallahi ƙarya na yi maka, a goge."

Ya yi murmushi. "Ai na sani, ya sheikh. Tarihin a wurin Baffa na ɗauka. Kai a babin maƙaryatan hanya na sa ka, mu ma muna da su, amma ka fi namu."